Yadda Maisikeli Ya Shanya Matan Layinsu

Shekara talatin da ɗaya Maisikeli ya yi yana auna buhuna a wani babban sito, kuma tun da ya yi ritaya bai bar kowa ya manta da haka ba. In ya shiga kanti sai ya jinjina gwangwanin madara ya ce an rage. Ranar da aka sallame shi an ba shi tsohon sikelin siton, mai faifan ƙarfe da duwatsun awo guda shida. Shi ya ɗauki abin a matsayin karramawa, alhali su can neman wanda zai kwashe musu tarkacen suke yi.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Maman Yara ko da yake yaran duk sun yi aure, damuwarta ɗaya ce. Ƙaramar 'yarsu na da cikin fari, saura wata biyu da 'yan kwanaki ta haihu, kuma a hawa na biyar take zaune a wani gari, a benen da sai da ƙafa ake hawansa. Zuwan Maman Yara na ƙarshe, a hawa na biyu numfashi ya ƙare mata, ta zauna a matakala tana haki har maƙwabta suka fito suna yi mata fifita. 'Yar ta tsorata ƙwarai. Ta ce ba za ta yarda uwarta ta zo ta zauna da ita ba sai nas ta duba ta ta ce za ta iya, in kuwa ba haka ba, to sai dai a turo mata hoton jaririn ta waya. Maman Yara ta ce to, amma da ta ajiye wayar ta yi kuka sosai.

Suka je asibitin unguwa tare, don Maisikeli ya ce ba a zuwa wurin awo ba da shi ba. Nas ɗin, wata doguwa marar son wasa, ta ɗora Maman Yara a sikeli, ya nuna kilo saba'in da ɗaya. Ta zagaya mata igiyar awo a ƙugu, ta sa ta yi tafiya a baranda, sannan ta zaunar da ita ta yi mata bayani. Ta ce mace in al'ada ta ɗauke mata, tsoka takan riƙa zagwanyewa a hankali, kitse kuma ya tattaru a ciki, ko da sikeli bai motsa ba. Maganin shi ne tafiya da sauri har numfashi ya ɗan hau, da hawan matakala kaɗan-kaɗan, da ɗaga abu mai ɗan nauyi. Ta ce su dawo bayan mako takwas, za ta sa ta tafiyar minti shida a barandar nan, daga nan za ta yanke hukunci.

Duk wannan bayani, abin da ya shiga kunnen Maisikeli shi ne cewa sikeli bai san komai ba. Ya gyara zaman hularsa ya tambayi nas shekara nawa ta yi tana awo. Ta ce tara.

"To, 'yata, ni na yi talatin da ɗaya," in ji shi. "Ki bar min ita."

Kafin la'asar labari ya gama layin cewa Maisikeli zai raba mata da kitse a mako takwas. Mata uku suka zo. Akwai Tela, wadda ita ma ƙugunta ya fara gardama da ɗinkinta, da Mai Kanti, da kuma Yaya, wato yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, mace mai cika ƙofa, wadda ta faɗa a fili cewa ba don kitse ta zo ba, ta zo ne ta ga yadda abin zai lalace. Ita kaɗai ce a duniya take kiransa Auta, kuma ba ta fasa ba ko da gemunsa ya yi fari.

Ya tara su a tsakar gida ya buɗe musu ilimi. A sito, in ana so a san nauyin kaya, sai a auna buhu cike, a cire nauyin buhu fanko, abin da ya rage shi ne kaya. Mace ma haka take. Nauyinta na ranar aure shi ne fanko, duk abin da ya hau kai bayan nan kitse ne. Saboda haka kowace ta faɗi nauyinta na amarci.

Mai Kanti ta ce arba'in da biyar. Maman Yara ta ce ita ma kamar haka. Yaya ta ce ta halarci auren su duka biyun, kuma a na Mai Kanti sai da aka sake kujera.

"Ke fa, Yaya?"

"Arba'in."

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Kana goye a bayana lokacin, Auta, da kai aka auna."

Tela kuwa ta tambaya wane auren za ta faɗa, don sau uku ta yi, kuma a na biyun ramewa ta yi har sai da aka riƙa ɗaure mata zani da igiya. Maisikeli ya tauna biro. A ƙarshe ya haɗa ukun ya raba uku, lissafi ya nuna masa cewa Tela kitse ce zalla in ban da 'yan kunnenta.

Washegari aka shiga magani. A sito, in ji shi, babu kayan da ke rage nauyi ta hanyar yawo. Buhu nawa aka taɓa gani yana tafiya da sauri? Kaya shanya su ake yi, danshi ya fita, nauyi ya sauka, kitse kuwa ai danshi ne da ya daskare. Don haka ya haramta wa Maman Yara tafiyar da nas ta ce, domin tafiya na jawo yunwa. Ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida inda rana ke bugawa, ya jera su huɗu, ya ce duk rabin awa zai busa usur su juya ɗaya gefen. Ya kuma kafa doka mai tsanani: ba magana, don magana na kawo ƙishi, ƙishi na kawo ruwa, ruwa kuwa shi ne abokin gaba. Daga nan ya shiga ɗaki ya yi lissafi a kan gado, ya rufe ido don lissafin ya fi shiga.

Rana ta yi zafi, matan suka ja gyale suka rufe kai. Mai faci da ke tsallaken titi ya ɗago ya ga mata huɗu a kan tabarma a ƙofar gida, kai a sunkuye, ba mai cewa uffan, ga matar gidan ga yayar maigidan. Ya ajiye tayar da ke hannunsa ya tsallako ya durƙusa.

"Yaushe abin ya faru?"

Doka ta hana magana, ba wadda ta amsa. Yaya ta goge gumin da ya gangaro mata a ido, mai faci ya ga ta goge ido, shi ke nan. Kafin rabin awa ƙofar gida ta cika. Aka kawo kujeru, aka kawo ƙarin tabarmi. Ana ta cewa jiya-jiyan nan aka gan shi yana ta cika baki. Wani ya ce mutumin kirki ne, sai dai surutu. Wani ya ce Allah ya yafe masa surutun. Maman Yara ta buɗe baki za ta yi bayani, Tela ta danne mata gwiwa ta nuna mata da ido cewa doka doka ce.

Ana cikin haka Maisikeli ya farka ya ga awa ɗaya da rabi ta wuce ba a juya kaya ba. Ya yayimi farin zanen gado ya yafa, ya fito da gudu ya busa usur a tsakiyar masu ta'aziyya. Mai faci ya bar takalmansa a nan, kuma sai bayan kwana biyu ya aiko a karɓar masa. Wata tsohuwa ta haye kujera. Mutumin da ya ce sai dai surutu ne kaɗai ya tsaya, shi ma don ƙafarsa ta ƙi motsi ne, ya ce wallahi surutun alheri yake nufi.

Bayan wannan sai aka mayar da shanya saman bene, inda ba mai gani. Matakala talatin da shida ce daga tsakar gida zuwa can. Sikelin aka sa majiya ƙarfi suka hau da shi sau ɗaya, amma duwatsun awo ya ce ba za su kwana a sama ba, don ɓarayin ƙarfe sun yi yawa, kullum sai a hau da su da safe a sauko da su da rana. Ranar farko ya ce zai nuna musu yadda ake ɗauka. Ya rungumi mai kilo ashirin, ya kai matakala ta biyar, dutsen ya ga ya isa haka, ya sauko da kansa yana ƙirga matakalar, ya ratsa tsakar gida ya shiga bokitin wankin matar wani mai haya a gidan. Maisikeli ya dafe ƙugu ya sanar cewa dama a sito mai awo ba ya dako.

Dako ya koma kan mata. Maman Yara ta ɗauki mai kilo biyu ta hau, tana tsayawa tana haki, ta ajiye ta sauko ta ɗauki wani. Da aka gama sai ta ce af, ta manta masa tabarau a ƙasa. Ta sauka ta kawo. Sai kuma biro. Sai usur. Sai murfin biro.

Kullum haka. Maisikeli ya fara damuwa da ƙwaƙwalwar matarsa, har ya kai kuka majalisar maza a bakin titi cewa mantuwa ta kama ta, jiya sau tara ta sauka, kuma hularsa da ta ce ta manta a ƙasa ashe tana kansa. Abin mamaki, mantuwar ta zama mai yaɗuwa. Tela ta riƙa manta almakashi, abin da ba ta da aikin yi da shi a saman bene. Mai Kanti ta riƙa zuwa duba ko ta kulle kanti. Yaya ce kaɗai ta riƙe hankalinta har mako na uku, sannan ita ma ta fara manta takalmi, ƙafa ɗaya-ɗaya. Shanyar da ya tsara ta awa uku da ƙyar ake samun minti ashirin a zaune, kuma yawanci shi kaɗai ne a kan tabarmar, yana busa usur yana juya kansa don ya nuna misali.

Shi sau ɗaya yake hawa a rana, kuma sau uku yake tsayawa a hanya yana duba ko bangon ya tsage. A mako na shida Maman Yara ta wuce shi a matakala da dutse mai kilo biyar a kowane hannu, tana ba Tela labari, ba ta ko yanke maganar ba. Ya ce a ransa lalle danshi ya fara fita. Da yamma ya gaya wa majalisa cewa ranar komawa asibiti kilo goma sha biyar za a tarar ta sauke, wanda bai yarda ba ya zo ya gani.

Ana gobe za a koma ya yi babban awo. Maman Yara ta hau faifai, ya jera duwatsu, ya goge tabarau, ya sake jerawa. Saba'in da ɗaya da rabi. A sito, in aka shanya kaya nauyi ya ƙaru, to wani ya zuba yashi. Ya sa ta zazzage jaka, ta cire awarwaro, ta kwance ɗankwali. Ya tambaye ta ko ta sha ruwa a ɓoye, ta ce kullum, kuma Yaya ce ke kawowa.

Tela ta ciro igiyar awonta ta ce ita sau biyu ta rage wa Maman Yara ƙugun siket a watan nan, yatsa huɗu cur.

"Awon igiya ba awo ba ne," in ji Maisikeli. "An taɓa sayen kaya da igiya?"

"An taɓa ɗinka riga da sikeli?"

"Ke dai tela ce."

"Kai ma ai da igiyar nan na auna tumbinka. Kana so in faɗa?"

Bai so ba. Ya shiga ɗaki ransa a jagule. Tsakani da Allah yana son matarsa ta je wurin 'yarsu, ya ga kukan da ta yi, kuma ya gama yarda cewa in nas ta ga saba'in da ɗaya da rabi za ta hana. Ga kuma majalisa. A shekarunsa na sito ya kama masu maguɗi sun fi ɗari, ya san dabararsu duka, kuma mafi sauƙi ita ce a zura bakin takalmi a ƙarƙashin faifan sikeli a ɗan ɗaga. Bai taɓa yi ba ko sau ɗaya, amma ya tabbata wanda ya iya kamawa ya iya yi.

Da safe baranda cike take da masu jiran layi. Ga matan shanya su uku sun rako, ga mutum huɗu daga majalisa, ga mai faci ya zo karɓar maganin faɗuwar gaba. Sikelin nas a barandar yake, a gaban kowa. Maman Yara ta hau. Maisikeli ya matso ta baya kamar mai gyara mata gyale, ya zura takalmi, ya ɗaga. Ya yi niyyar kilo goma sha biyar, amma ƙafar da ba ta saba ba ba ta san daidai ba. Allurar sikelin ta tsaya a hamsin da biyu.

Majalisa ta fara tafi. Maisikeli ya ɗaga musu hannu ɗaya yana murmushi, yana tsaye a karkace.

Nas ba ta yi tafi ba. Ta dubi katin, ta dubi allura, ta dubi Maman Yara, fuskarta ta canza. Ta ce mace mai shekarun nan ta zubar da kilo goma sha tara a mako takwas ba abin murna ba ne, alamar babban ciwo ce. Za a kira likita yanzu, a ɗebi jini, mai yiwuwa a ba ta gado. Maganar tafiya wani gari kuwa a ajiye ta tukuna.

Maman Yara ta sauko daga sikelin a hankali. Ba ta yi gardama ba, sai ta tambaya da ƙaramar murya ko ba za a bari ta gwada tafiyar minti shidan ba, ko sau ɗaya, don ta shirya mata. Nas ta ce ba yau ba.

Maisikeli ya yi ƙoƙarin zare takalminsa. Ya ja ƙafa, ƙafa ta ƙi fita, don bakin takalmin ya maƙale a ƙarƙashin faifan. Ya dubi idon matarsa da ya cika da hawaye, ya san dole ya faɗi gaskiya, a gaban majalisa da kowa. Sai dai shi mutum ne da bai iya fara magana daga tsakiya ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Jama'a, a shekarar da na fara aiki a sito..."

Nas ba ta saurare shi ba. Ta ce bari dai ta tabbatar sikelin lafiya yake, wa ya san nauyinsa a nan? Yaya ta ce ita, casa'in da takwas, ƙanenta ya auna ta jiya. Ta tattare zani ta hau da ƙafa biyu a lokaci guda.

Ihun da Maisikeli ya yi har ɗakin haihuwa an ji. Yaya ta duba ƙasa ta ga inda takalmin yake, ta gane komai, amma ba ta yi saurin sauka ba.

"Auta, me ƙafarka ke nema a nan?"

"Yaya, sauka."

"Faɗa wa nas tukuna."

Ya faɗa, a taƙaice, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Sai da mutum biyu suka ɗaga sikelin aka zaro ƙafarsa, takalmin ya zauna a ciki. Majalisa ta yi dariya har wani ya zame daga benci. Mai faci ya ce yau ya warke, a bar maganin. Nas ta naɗe masa babban yatsa da bandeji ba tare da ta ce masa sannu ba, ta sa aka ciro takalmin, ta sake auna Maman Yara, saba'in da ɗaya da rabi, ta zagaya igiya a ƙugu, ta dubi katin, ta sake zagayawa. Ta matsa mata dantse, ta matsa cinya. Ta tambaye ta me ta riƙa yi. Maman Yara ta ce mantuwa ce ta dame ta.

Aka share baranda. Nas ta danna agogo, Maman Yara ta ɗaure gyale a ƙugu ta kama hanya, ta kai bango ta juyo, ta kai ƙofa ta juyo. Tela da Mai Kanti suna ƙirga mata da ƙarfi, masu jiran layi suka ɗauka. Maisikeli yana zaune a benci da ƙafa ɗaya a sama, duk wucewar da za ta yi sai iskar zanenta ta taɓa shi. Kunya ta ishe shi, ga tsoro, don ya san in ta gaza yanzu ba zai taɓa sanin ko ita ce ta gaza ko shi ne ya karya mata zuciya ba. A minti na biyar ya ji bakinsa na ƙirgawa tare da mutane.

Agogo ya yi ƙara. Maman Yara ta tsaya, numfashinta ya hau amma yana hannunta. Nas ta riƙe mata wuyan hannu tana duban agogo, ta rubuta wani abu a katin, sannan a karo na farko ta yi murmushi.

"Mama, je ki haɗa kayanki. Hawa biyar ɗin nan ki bi shi a hankali ranar farko, kar ki ba matasa kunya."

A bakin ƙofar asibiti Maisikeli ya fara bayyana wa majalisa cewa in an duba da kyau, ai duwatsunsa ne suka yi aikin, kuma dama tsarin ke nan tun farko. Ba wanda ya tsaya. Ya juya ya ga matarsa ta riga ta kama hanyar gida, tana danna waya, tana share ido da gefen gyale. Ya bi ta yana ɗingishi, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, yana cewa ta jira shi ya yi wa yarinyar bayani da kansa.

Ya ji lokacin da 'yar ta ɗauka. Ya ji Maman Yara ta ce, "Ni ce. Ki share min ɗakin nan na kusa da naki." Sauran maganar bai ji ba, don ta riga ta yi masa nisa.